Gicciye, Mutum-mutumi da Dirki: Ina Iyakar Girmamawa da Bauta?

Daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari ba wata tafiya ba ce. Mai Adaidaita Sahu zai ɗauki fasinja a bakin marinar nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ya ratsa da shi ta Fagge, kafin ya gama amsa waya sun iso. Duk da haka akwai dattawan cikin birni da suka tsufa suna bin wannan hanya zuwa kasuwa, ba su taɓa leƙa cikin coci ba ko ta taga. Tarihi ne ya shimfiɗa abin haka. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano da niyyar kafa mishan, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci garin a 1903, su ma suka ga gara 'yan mishan su tsaya a bayan ganuwa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙi, kuma can ne coci-coci suka yi ta tsirowa.

Saboda haka abin da mutumin birni ya sani game da ibadar Kirista, yawanci abin da ido ya tsinta ne a hanya: ɗan gicciyen azurfa a wuyan ma'aikaciyar jinya, carbi yana lilo a madubin mota, atamfa mai hoton Maryamu da matan coci ke yin anko da ita, sai kuma mutum-mutumin wata mace mai farar riga da shuɗin mayafi a harabar makarantar mishan. Daga nan yanke hukunci ba wuya: "Ai gumaka suke bauta wa."

Da mai wannan magana zai faɗe ta a gaban wani faston ECWA, ba mamaki faston ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ai mu ma abin da muke ta gaya wa 'yan'uwanmu ke nan." Domin zargin bautar gumaka ba daga waje kawai yake zuwa wa Kirista ba. Sun fi shekara dubu suna jifan juna da shi, an zubar da jini a kansa, kuma har yau bakinsu bai zo ɗaya ba.

Wanda ya shiga cocin Katolika zai tarar da babban gicciye a saman bagade, da siffar Yesu a jikinsa, kansa a sunkuye, an sassaƙa har da raunin da ke haƙarƙarinsa. A gefe guda ga mutum-mutumin Maryamu, kyandirori suna ci a gabansa. A jikin bango an jera hotuna goma sha huɗu na Hanyar Gicciye. A bakin ƙofa akwai ɗan kwanon ruwa mai tsarki, mai shiga ya tsoma yatsu ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu biyu, ya rusuna da gwiwa ɗaya kafin ya zauna. Ranar Jumma'ar da ke gabanin Ista kuwa layi ake yi, kowa ya zo ya sumbaci gicciyen. Babban cocinsu na Kano sunansa Our Lady of Fatima. Fatima ɗin nan wani gari ne a ƙasar Fotugal inda suka yi imani Maryamu ta bayyana ga wasu yara uku a 1917, ba Nana Faɗimatu ake nufi ba, ko da yake Bakano da ya ji sunan can hankalinsa zai fara tafiya.

Wanda ya tsallaka titi ya shiga ECWA ko Baptist kuwa zai ga bango fes. Mumbari, benci, kayan kiɗa, wataƙila aya ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe. In akwai gicciye, to itace biyu ne kawai a gicce, ba kowa a kai, domin a wurinsu Almasihu ya tashi, ba ya kan gungume. Shaidun Jehobah ma ko gicciyen ba sa ajiyewa. Duk waɗannan Littafi Mai Tsarki suke karantawa, wanda fassararsa ta Hausa ta fito cikakkiya a 1932, kuma daga cikinsa rigimar ta taso.

A littafin Fitowa, sura ta 20, inda aka jero dokoki goma da aka ba Annabi Musa, an hana sassaƙa siffar wani abu na sama ko ƙasa ko ruwa, an hana rusuna masa da bauta masa. Masu bango fes nan suke kafa hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ɗaya ɓangaren sai su ce a ƙara buɗe shafi: sura biyar kacal a gaba, an umarci Musa ya ƙera siffofin mala'iku biyu da zinariya a kan murfin akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya, sura ta 21, da macizai suka addabi Bani Isra'ila a jeji, an umarce shi ya ƙera macijin tagulla ya kafa a kan sanda, wanda aka sara ya dube shi ya warke. In ƙera siffa ita kanta ce haramun, in ji su, yaya aka yi umarni da ita? Ko wajen lissafa dokokin goma ma sun rabu. Katolika da mabiya Luther sun haɗa hanin siffofi cikin doka ta farko, wato hana bauta wa wani ban da Allah. Angalika da mafi yawan sauran Furotesta sun ware shi ya zama doka ta biyu mai cin gashin kanta.

Macijin tagullan nan bai ƙare lafiya ba. Littafin Sarakuna na biyu, sura ta 18, ya ba da labarin cewa bayan ɗaruruwan shekaru mutane sun koma ƙona masa turare, har sai da Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kuma littafin ya yabi sarkin. Abu ne da annabi ya ƙera da umarnin Allah, amma hannun jikoki ya mai da shi abin tsafi. Kowane ɓangare yana jawo labarin wajensa: waɗannan su ce ga shaidar cewa siffa tarko ce, waɗancan su ce laifin na masu turaren ne.

Kiristocin farko ba su cika nuna gicciye ba, domin a daular Rumawa a kansa ake kashe bayi da 'yan tawaye. Sun fi yin alamar kifi ko makiyayi ɗauke da tunkiya. Sai bayan Sarki Kustantin ya rungumi addinin, daga 312, gicciye ya hau tuta da rufin gini. Zane a bango kuwa ya riga haka, don an tono wani gidan sujada a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, na wajen shekara ta 240, da hotuna a jikin bangonsa. Ƙin abin ma tsoho ne. Wani taron limamai a Elvira ta ƙasar Sifen, a farkon ƙarni na 4, ya hana zane a coci. Wajen shekara ta 600 wani bishop a Marsel ta Faransa ya farfasa hotunan cocinsa da ya ga ana rusuna musu. Paparoma Giregori ya rubuta masa cewa ya kyauta da ya hana bautar, amma bai kyauta ba da ya fasa, domin wanda bai iya karatu ba a bango yake karanta labarin.

Inda wutar ta kama sosai shi ne Kustantiniyya, Istanbul ta yau. Daga wajen 726 Sarki Leo na Uku ya juya wa hotuna baya, ɗansa Kustantin na Biyar ya tara bishop-bishop sama da 300 a 754 suka yanke cewa girmama hoto bautar gunki ce. Aka kankare bangaye, aka ƙona alluna, aka azabtar da sufayen da suka ƙi miƙa nasu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inda babban mai kare hotunan yake zaune. Yuhana ɗan Dimashƙa ne, wanda mahaifinsa Sarjun babban ma'aikacin baitulmali ne a fadar Banu Umayya. Zamansa a ƙasar Musulmi shi ya sa hannun sarkin Rumawa bai kai gare shi ba, ya rubuta abin da yake so. Haka kuma tsofaffin hotunan Kirista da suka fi shahara a yau suna gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sinai, sun tsira ne don a lokacin yankin ya riga ya fita daga mulkin Rumawa ya koma hannun Musulmi.

Hujjar Yuhana ita ce: a zamanin Musa ba wanda ya ga Allah, don haka ba a siffanta shi, amma tunda Kirista sun yi imani Kalmar Allah ta zama mutum aka gan ta da ido, to wanda aka gani ana iya zana shi. A 787 aka yi babban taro a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, ƙarƙashin Sarauniya Irin. Taron ya raba abu biyu: bauta ta Allah ce shi kaɗai, hoto kuwa girmamawa ake masa, kuma girman yana zarcewa ne ga wanda aka zana. Ba a nan ta mutu ba. A 815 aka sake hana hotuna, sai a 843 Sarauniya Tiyodora ta mai da su, ranar da cocin Otodoks ke bikinta har gobe a Lahadin farko ta babban azuminsu. Su Otodoks ɗin ma sun ja nasu layin, suna sumbatar hoton da aka zana a allo amma ba su cika yarda da sassaƙaƙƙen mutum-mutumi ba.

Bayan kusan shekara 700 rigimar ta sake tashi a Turai. A 1522 mutanen Wittenberg ta Jamus suka far wa hotunan coci, Martin Luther da kansa ya dawo ya tsawata musu, yana ganin a fara cire gunkin daga zuciya tukuna. A Zurik ta Suwizalan an kwashe hotuna kaf a 1524 aka shafe bango da farar ƙasa. John Calvin ya fi kowa zafi. A wata ƙasida ta 1543 ya yi wa kayan tabarruki ba'a, yana cewa da za a tattara gutsattsarin itacen da coci-coci ke iƙirarin na ainihin gicciyen Yesu ne, da sun cika jirgin ruwa. A 1566 gungun jama'a suka bi coci-cocin Holan da Beljiyam da guduma. Katolika kuwa ta riga ta ba da amsa a taron Tirento a 1563: a ci gaba da ajiye hotuna, amma kada wani ya zaci akwai allahntaka ko wani iko a cikinsu, kada a roƙe su komai, kada a dogara da su yadda arna ke dogara da gumakansu. Taron ya kuma umarci bishop-bishop su kawar da camfi da neman kuɗi da kayan tsarki, wanda ke nuna cewa su ma sun san ana yi.

Wannan tsohuwar ɓaraka ce jiragen ruwa suka sauke a Nijeriya. 'Yan mishan ɗin SIM, da suka fara zuwa a 1893 kuma cocinsu ya zama ECWA a 1954, jikokin masu farar ƙasa ne. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA da suka kafa sansani a Shendam a 1907 sun zo da carbinsu da mutum-mutuminsu. Bamagujen da ya karɓi Kiristanci a ƙauyukan Sumaila ko Rogo, irin cocin da ya fara isa ƙauyensu shi ke yanke ko zai rataya wani abu a wuya bayan ya rabu da kayan tsafin gidansu.

In aka tambayi 'yar Katolikar da ta san addininta, amsarta a shirye take: "Ɗan'uwa, in ka ga na sumbaci hoton mahaifiyata da ta rasu, takardar nake ƙauna?" Za ta ƙara da cewa ba ta bauta wa Maryamu, roƙonta take ta yi mata addu'a. Ɗan ECWA zai ce mata matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kuma talakan da ke kuka a gaban siminti ba ya tuna wani bambanci da malamai suka rubuta a Nikiya. A nan yana da gaskiyar da ba a iya kauce mata. Sai dai shi ma ɓangarensa bai tsira ba. Sababbin coci-cocin da suka fi kowa zagin mutum-mutumi su ne suka cika gari da man zaitun na shafewa, da hankicin da fasto ya yi wa addu'a, da sitika mai hoton babban fasto da ake mannawa a ƙofa don korar ɓarayi da mayu. Kwalbar man Goya ta zama kayan ibada a Nijeriya. A watan Mayu na 2013 mutum huɗu suka mutu a turmutsitsin neman ruwan albarka a reshen cocin T.B. Joshua da ke Akra ta ƙasar Gana. 

Ta fuskar Musulunci maganar siffofi ba ta da wani lauje cikin naɗi. Bukhari ya ruwaito cewa Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin wani coci mai hotuna da suka gani a Habasha, ya yi kakkausan suka ga masu gina wurin ibada a kan kabarin salihai suna zana surarsu. Tirmizi ya kawo labarin Adiyyu ɗan Hatim da ya zo da gicciyen zinariya a wuya, aka umarce shi ya cire, aka kuma kira abin gunki. Bayanin Ibn Abbas a kan gumaka biyar da aka ambata a Suratu Nuh shi ne, asalinsu mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa, da masu sanin dalilin suka mutu sai na baya suka bauta musu. Wato tsoron da Hezekiya da Calvin suka ji, shi ne dai. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yana ƙin shiga coci saboda siffofin da ke ciki, Ibn Abbas kuwa yakan yi salla a cocin da ba mutum-mutumi.

Amma shari'a ba ta zuba Kirista a kwando ɗaya da masu bautar Lata da Uzza ba. Ta kira su Ma'abota Littafi. Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu da auren matansu masu kamun kai, alhali Suratul Baƙara ta hana auren mushirikai. Abdullahi ɗan Umar ya ƙi irin wannan aure, amma dalilin da ya bayar shi ne cewa da suke yi Isa Ubangiji ne, bai kawo zancen itace ko hoto ba. Nan ne ainihin saɓanin yake. Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, su kuwa a kan gicciyen da tashi daga matattu suka gina addininsu kacokan. Ko da za a kwashe kowane mutum-mutumi daga Sabon Gari a daren yau, wannan saɓani yana nan daram, domin cocin da bangonsa ke fes ma haka ya yi imani.

To shin gumaka ne? In ana nufin abin da coci-coci ke koyarwa a rubuce, ba wata babbar ɗariƙar Kirista da ta ce itace ko siminti abin bauta ne. Wanda ya ce sun ce haka ya yi musu ƙage. In ana nufin ko Musulunci ya yarda da ajiye su a wurin ibada, bai yarda ba, kuma miliyoyin Kirista ma ba su yarda ba. In kuwa ana nufin abin da ke faruwa a zuciyar mai durƙuso, wannan ya danganta da mutum, kuma tambaya ce da Kanawa suka saba yi wa junansu. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake ta kai ruwa rana a kan laya da guru, da ziyarar kaburburan waliyyai, da hoton Shehu Ibrahim Inyass da ke manne a gilashin mota da bangon shago. Mai hoton zai ce ƙauna ce, mai suka ya ce ƙofar shirka ce. Da za a fassara musu muhawarar Nikiya, kowannensu zai gane kujerarsa. Kuma duk sun san abin da Umar ya yi a gaban Hajarul Aswad: ya sumbace shi, amma sai da ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Annabi kawai ya sa.

Kano ma ta taɓa yin nata macijin tagulla, kuma ba Tsumburbura ta zamanin Barbushe ake nufi ba, wannan tsafi ne tsagwaronsa tun asali. Dirki ake nufi. Littafin Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, aka fara shi. Wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, ana yi masa yankan shanu don neman tsari ga gari, a fadar da sarakunanta Musulmi ne tun zamanin Sarki Yaji, masu masallacin Jumma'a da alƙalai da malamai. Kusan shekara 200 ana haka, sarki na tafiya sarki na zuwa.

A zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau mulki a 1781, manyan fada suka matsa masa ya ba da shanu arba'in domin Dirki, suna tsoratar da shi cewa sarkin da ya hana zai gamu da masifa. Alwali ya fusata, ya tura samari da gatura suka dinga saran ƙunshin har fatun suka buɗe. Abin da ya fito daga ciki Alƙur'ani ne, kyakkyawan rubutu. Sarki ya tambaya ko wannan ne Dirkin, aka ce masa shi ne.

Daga labarin Dirki littafin bai tsaya ba, kai tsaye ya shiga labarin jihadi. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda babban zarginsu ga sarakunan Haɓe shi ne gauraya Musulunci da al'adun tsafi, suka kori Alwali daga birni, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano.